Kwandon da na yi dare huɗu ina haɗawa ya koma faifai a obin, ina na yi kuskure?

Zulai
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau dai da takaici na shigo muku. Wata uku ke nan da na fara aiki da biron 3D, wato biron da ke narkar da zaren roba a zana abu mai tsayuwa da shi. Na yi 'yan kunne, na yi maƙalan mabuɗi, na yi furanni, har na fara jin hannuna ya faɗa. Shi ne na ce bari in gwada babban aiki: ƙaramin kwando mai raga-raga na zuba kayan kwalliya, shuɗi da fari, tsayinsa bai wuce santimita 12 ba. Dare huɗu ina kansa. Daga nesa gwanin sha'awa, amma in ka matso sai ka ga sawun biro layi-layi, ga 'yan siraran zare kamar yanar gizo-gizo sun maƙale ko'ina, ga bakinsa yana kartar hannu.

Sai na ci karo da wani bidiyo, matar ta sa nata aikin a obin, ta rubuta 200 a ƙasan hoton, ta ce a ba shi minti goma. Ni ma na murɗa obin zuwa 200, na shimfiɗa takardar gashi a tire, na ɗora kwandona na rufe. Ko minti huɗu ba a yi ba na leƙa ta gilashi, sai na ga ya durƙusa ta gefe ɗaya kamar wanda aka doka wa sanda a gwiwa. Kafin in nemo tsumman kama tire ya gama kwanciya. Yanzu abin da ke gabana wani faifai ne shuɗi da fari. Ƙyalli kam ya yi, ba ƙarya, amma faifai ne.

Zaren da na yi aikin da shi na robar da ake kira PLA ne, mai kaurin milimita 1.75. Don Allah ina na yi kuskure? Kuma ku ta yaya kuke samun santsi da ƙyalli ba tare da abu ya rushe ba?

Nura
Wa alaikumus salam. Sannu Anti Zulai, Allah ya mayar da alheri. Tambaya ɗaya kafin manya su zo: matar nan 'yar wace ƙasa ce? In Ba'amurkiya ce, 200 ɗinta na ma'aunin Faranhait ne, wato digiri 93 kacal a Selshiyos. Ke kuma kika ba shi 200 na Selshiyos. Ai wannan shi ne zafin da biron kansa yake narkar da zaren da shi.

Zulai
Innalillahi! Na koma na duba, wallahi akwai ƙaramin F a gefen lambar. Ko kula da shi ban yi ba.

Malam Sabi'u
Nura ya kama rabin ɓarawon. Amma Malama Zulai, kar ki ɗora wa harafin F laifin duka, domin ko da 93 ɗin kika sa, kwandon nan da wuya ya tsira. Zai dai ɗauki lokaci kafin ya zube, kuma ba za ki samu ƙyallin ba.

Ga yadda abin yake. PLA yana da matakan zafi biyu da ya kamata duk mai wannan sana'a ya haddace. Na farko wajen digiri 60: a nan yake daina zama ƙaƙƙarfa, ya yi laushi kamar fata, nauyin kansa ma ya isa ya lanƙwasa shi. Na biyu tsakanin 150 da 180, gwargwadon irin zaren: a nan yake narkewa ya fara malala. Shi ƙyallin da kike nema ba ya samuwa sai fuskar robar ta narke, layukan sun haɗe da juna. Wato sai an kai mataki na biyu. To obin kuwa ba ya zaɓe, ciki da waje yake gasawa. Kafin fuska ta kai 160, ƙashin bayan abin ya daɗe da wuce 60. Ballantana aikin biro, da kowane layi bai fi milimita ɗaya ba, babu wani "ciki" da zai zauna da sanyi ya riƙe siffa.

Shi ya sa nake cewa abu mai tsayuwa da ƙafarsa ba ya shiga obin sai da abin da zai jingina a kai. Tun da biro mai suna 3Doodler ya fito a Kickstarter, shafin tara kuɗin sababbin ƙirƙira, a 2013 biron nan ya bazu, mutane ke ta maimaita wannan kuskuren, kuma ni ma da gidan tsuntsun ado na biya nawa kuɗin makarantar.

Maman Ihsan
Malam, a yi wa obin adalci dai. Ni kusan duk aikina a cikinsa yake ƙarewa, kuma ba na jin akwai abin da ke ba da santsin da yake bayarwa. Sai dai ni narkewar nake nema da gangan.

Ƙanwata Zulai, guntayen zaren da ke saura miki da ayyukan da suka lalace, kar ki zubar. Ni ina yanka su ƙanana da filaya, kamar tsawon farce, in ware su launi-launi a kwalabe. In zan yi aiki sai in zuba a mazubin silikon, in ɗora a tire, in sa a 190. Bayan kamar minti goma za ki ga tarin ya sauka, domin guraben da ke tsakanin guntaye sun cike. Sai in fito da shi in ƙara wasu a kai, in mayar. Sau uku ko huɗu haka har mazubin ya cika. In kika cika shi tim a karon farko, iska ce za ta maƙale a ƙasa, ki samu ramuka. Gefen da ya kwanta a jikin silikon yana ɗaukar fuskar mazubin ne, in mai sheƙi ne ya fito da sheƙi, in ba mai sheƙi ba ne ya fito dishi-dishi. Na sama kuwa da kansa yake yin sumul.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda launuka ke shiga juna ba tare da sun gauraye ba. Robar tana da kauri ko ta narke, ba ta gudu kamar ruwa, don haka ja yana tsayawa a ja, fari a fari, sai dai iyakarsu ta yi laushi kamar jijiyar dutsen marmara. Faifan naki ma na tabbata haka ya yi.

Kuma kar a yi gaggawar cirewa. A bar shi ya huce a cikin mazubin, a ɗora masa tayil mai nauyi in shimfiɗaɗɗe ne, in ba haka ba gefuna su ɗaga.

Zulai
Haka kuwa ya yi Yaya, shuɗin ya ratsa farin kamar hayaƙi. Da ba don haushi ba da na ce ya yi kyau.

Injiniya Bala
Akwai abin da ba a taɓo ba: lambar da ke jikin maɓallin obin ba ita ce zafin da ke ciki ba. Obin ba ya riƙe zafi a wuri ɗaya. Yana kunna wutarsa har ya wuce inda aka sa, ya kashe, ya sauko ƙasa da wurin, ya sake kunnawa. A gashin abinci wannan hawa da sauka ba komai ba ne. A roba kuwa shi ne komai. Nawa ƙaramin obin, in na sa shi a 90, na sha ganin ma'auni ya haura 120 a zagayen farko. Ga kuma ƙarfen da ke yin ja, wanda ke dukan abin da ke kusa da shi kai tsaye, zafin da yake jefowa ya fi na iskar ciki nesa ba kusa ba.

Abin da nake yi: ma'aunin zafi na daban, irin wanda ake ajiyewa a ciki, a daidai inda aikin zai zauna. In kunna obin babu komai, in bar shi minti ashirin ya daidaita. Ina ajiye tayil biyu a ciki tun farko, su suke shanye zafi su rage hawa da saukar. In aikin mai laushi ne sosai, sai in kashe wutar gaba ɗaya sannan in sa shi, ya gasu da zafin da ya rage. Obin mai fanka ya fi raba zafi daidai. Na gas kuwa ban yarda da shi a wannan aiki ba, ga harshen wuta a buɗe, ga shi yawanci ba ya sauka ƙasa-ƙasa yadda ake so.

Hajiya Rabi
Ni tambayata daban ce. Zulai 'yata, wane obin kika sa robar nan? Kar dai ki ce min na kicin, wanda kike gasa wa iyali abinci.

Zulai
Shi ne Hajiya. Shi kaɗai gare ni.

Nura
Hajiya ai ba matsala, PLA daga masara da rake ake yin sa. Ba irin robar man fetur ba ce.

Hajiya Rabi
Nura ɗana, takarda ma daga itace ake yin ta, ka taɓa ganin an ci?

Malam Sabi'u
Hajiya ta gama magana. Gaskiya ne asalin PLA sitacin tsirrai ne ake sarrafawa ya zama sinadarin laktik, daga nan a ƙulla shi ya zama roba. Amma zaren da ke hannunka ba shi kaɗai ba ne a ciki. Akwai rini, akwai abubuwan da ke ƙara masa laushi ko ƙarfi, wani da ƙyalƙyali, wani da garin katako ko na ƙarfe, kuma kamfani ba ya rubuta maka duka a kwali. In ya yi zafi yana fitar da tururi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Na PLA ya fi na ABS, wani nau'in zaren robar, sauƙi ƙwarai, shi ABS sinadarin sitairin yake fitarwa, warinsa kaɗai ya isa ya sa maka ciwon kai. Amma sauƙi ba ya nufin babu.

Maman Ihsan
Ni ma da na kicin na fara, ba zan ɓoye ba. Abin da ya raba ni da shi, wata rana ɗigo ɗaya ya zubo ta gefen tire ya faɗa ƙasan obin ban lura ba. Washegari da aka kunna shi da zafi sosai, gida ya turnuƙe da wani wari mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Na yi kwana biyu ina kankara. Tun daga nan na ware ƙaramin obin na lantarki, na rubuta masa ROBA da alƙalamin maka a ƙofa, tirensa daban, mazubansa daban, kuma kusa da taga yake zama.

Zulai, tunda sau ɗaya ne kuma a kan takarda, ki duba ko wani abu ya ɗiga, ki wanke ciki da tiren da kyau, ki kunna shi babu komai taga a buɗe. Amma kar ya zama ɗabi'a.

Auwal
Duk an tafi kan obin, alhali abin da Anti ta tambaya shi ne yadda za ta gyara fuskar kwando. Amsar ita ce bindigar iska mai zafi. Ita kina nuna mata inda za ta taɓa, ta narkar da fatar sama kawai ki janye kafin zafin ya shiga ciki.

Bari in faɗi yadda nake yi dalla-dalla. Da farko ina cusa wani abu a cikin aikin da zai riƙe shi, kwalba ko gwangwani ko kwanon gilashi, duk wanda ya yi daidai. Sai in yanke manyan ƙullutai da filaya, in bi wuraren da suka yi tudu da samfefa mai lamba 220, sannan 400, da ruwa. Ruwan dole ne, domin in kika goga a bushe zafin gugar ma ya isa ya sa PLA ya yi danƙo ya toshe samfefar. Bayan guga za ki ga launin ya mutu, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Kar ki tsorata. Ki shanya shi ya bushe sarai.

Sai bindiga, a mafi ƙarancin zafinta, tazarar kamar taƙi ɗaya, hannu yana ta kai da komo kamar mai fesa fenti. Kar ki tsaya wuri ɗaya ko na daƙiƙa biyu. Siraran zaren nan su ne farkon tafiya, za ki ga sun nannaɗe sun ɓace. Sannan ki zuba wa fuskar ido ta inda haske ke faɗowa: akwai lokacin da farin nan zai gushe, launi ya dawo, wurin ya yi kamar an shafa masa ruwa. Da kin ga haka ki wuce gaba. Wannan ɗan sheƙin shi ne iyaka. In kika ce bari in ƙara kaɗan, abin da zai biyo baya shi ne ƙuraje da lotsawa. Kuma zafin yana ci gaba da shiga ciki ko bayan kin janye, don haka ki gama gefe ɗaya ki bar shi ya huce kafin ki juya.

Ummi
Yaya Auwal handiraya ba za ta yi ba? Ita nake da ita.

Auwal
Za ta yi miki laushi ki lanƙwasa ganyen fure ko ki gyara abin da ya karkace. Ƙyalli kuwa a'a, zafinta bai kai ba. Ita bindiga tana haura 500 in aka ƙure ta, shi ya sa ma ake tsoronta. In kin gama da ita ki tsayar da ita bakinta sama, yana daɗewa da zafi.

Nura
Ni laita nake bi da ita sama-sama, zaren gizo-gizon duk ya tafi.

Auwal
Yana tafiya, amma gwada a farin zare ka ga baƙin hayaƙin da za ta bar maka. Kuma roba tana kamawa da wuta.

Injiniya Bala
Auwal, zan ɗan saɓa maka. Bindiga tana rage sawun layi, tana kawo sheƙi, amma ba ta shafe layin biro, domin na biro ya fi na injin buga 3D kauri da rashin daidaito. Wanda yake son fuska sumul a aikin biro, ƙarfen soda, wanda ake liƙa wayar lantarki da dalma da shi, ne abokinsa. Amma mai maɓallin daidaita zafi, a sa shi wajen 190 zuwa 200, da baki mai faɗi. Irin wanda ake soka wa wuta kawai ba a daidaitawa yana wuce 350, zai ƙona robar ta yi ruwan ƙasa tana hayaƙi. Ana kwantar da bakin ne a ja shi a hankali kamar mai shafe da cokalin magini, tudu ya gangara ya cike kwari. Da shi kuma nake haɗa gaɓoɓi biyu: in kara su, in sa guntun zare a tsakani, in narkar. Ya fi gam riƙo. A ware masa baki na roba kaɗai, wanda bai taɓa dalma ba.

Auwal
Na yarda a kan abu mai bango. Amma kwando mai raga fa, Injiniya? Rami nawa za ta bi da ƙarfe? Ai sai ta ƙara wani dare huɗun.

Injiniya Bala
Bakin kwandon da gindinsa kawai, inda hannu ke taɓawa. Ragar a bar wa bindigarka. Mun raba gado.

Maman Ihsan
Ga 'yan kunne da duk abin da yake shimfiɗe kuwa, dutsen guga ya wadatar. Takardar gashi a ƙasa, wata a sama, a kashe tururi, matsakaicin zafi, a danna a hankali ana zagayawa, ana ɗaga takardar ana leƙawa. In ya yi a juya ɗaya gefen. Sai a danne da littafi mai nauyi har ya huce. A kula, takardar gashi mai rufin silikon nake nufi, wadda ke jure har wajen 220. Akwai wata mai kama da ita mai rufin kaki, ita narkewa take yi ta manne. Foyil ma yana kama roba, sai kin yi ta ɓanɓara.

Malam Sabi'u
Tunda an zo nan, bari in faɗi aikin da nake zaton matar bidiyon take yi da 93 ɗinta, domin aiki ne na gaske, sai dai ba na kwalliya ba ne. Ana gasa PLA a tsakanin matakan nan biyu, kamar 90 zuwa 110, na rabin awa zuwa awa ɗaya, a bar shi ya huce a hankali a cikin obin. A wannan zafin sarƙoƙin robar suna samun sukunin jeruwa su shirya kansu, sai abin ya fito ya fi jure zafi. Wanda bai gasu ba, ka manta shi a mota a rufe cikin rana ka dawo ka tarar ya karkace. Wanda ya gasu zai jure.

Amma da farashinsa. Yana tsukewa ta tsawon layin, ya ɗan kumbura ta kauri. Kuma mai garai-garai yana komawa dishi-dishi kamar gilashin banɗaki. Na taɓa yi wa 'yata awarwaro, na auna hannunta daidai, na gasa shi. Da ya fito ko yatsunta huɗu bai wuce ba, kuma daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Yanzu in zan gasa abu sai na binne shi a busasshen yashi mai laushi cikin kwanon ƙarfe, yashin ya riƙe shi ta ko'ina. Sai dai a ƙara lokaci, domin yashi yana jinkirin ɗaukar zafi.

Injiniya Bala
Akwai ma masu wuce nan, Malam. Su niƙa gishiri ya yi laushi kamar hoda, su binne aikin su danƙare shi sosai, su kai zafin har wajen 200. Robar ta narke gaba ɗaya a ciki amma ba ta da inda za ta je, gishirin ya zame mata mazubi. In ya huce a wanke da ruwa, layukan duk sun haɗe sun zama jiki ɗaya.

Malam Sabi'u
Na gwada. Ƙarfi kam ana samu. Amma fuskar tana ɗaukar sawun gishirin, ta fito da ɗan kaushi, babu sheƙi ko kaɗan. Kuma in akwai rami a cikin aikin da gishiri bai shiga ba, nan robar za ta zube. Ga mai neman ƙyalli wannan doguwar hanya ce zuwa inda ba a nufa ba.

Ummi
Ni kuma matsalata, an ba ni tarin zare babu kwali babu rubutu. Wasu ma na biron ƙanena ne na yara. Zan iya haɗa su duka a mazubi kamar yadda Maman Ihsan ta ce?

Maman Ihsan
A'a Ummi, kul! Na biron yara yawanci robar da ake kira PCL ce, shi a wajen 60 yake narkewa gaba ɗaya. Inda PLA ke fara laushi, shi ya riga ya zama danƙo. Kuma PLA da wani zaren da ake kira PETG ba sa kama juna da kyau, in kika haɗa su abin zai yi kyau a ido, ki lanƙwasa kaɗan ya rabe a iyakarsu.

Injiniya Bala
Ki tantance su da ruwan zafi. Ki sa ma'auni, ki kai ruwa wajen 65 zuwa 70, ki yanko ɗan guntu daga kowanne ki tsoma. Wanda ya narke ya zama abin mulmulawa PCL ne. Wanda ya yi laushi yana lanƙwasuwa amma yana nan a zarensa PLA ne. Wanda ya ƙi, ki ƙara zafin ruwan: PETG yana sakin jiki daga wajen 80. Wanda ya tsaya ƙyam har ruwa ya kusa tafasa, ABS ne mai yiwuwa, domin shi sai wajen 105. Don tabbatarwa ki ɗiga masa asiton, ruwan nan na goge jan farce, in ya yi danƙo shi ne. Duk wanda bai faɗa ko ɗaya ba, ki ajiye shi gefe. Kar ki sa robar da ba ki sani ba a wuta, musamman abin da ake zargin PVC ne, irin rigar wayar lantarki, hayaƙinsa yana ƙona maƙogwaro da huhu.

Ruwan zafin nan ma kayan aiki ne. Yawancin lanƙwasa da shi nake yi, domin ba ya taɓa wuce 100, ba zai ƙona miki aiki ba. A tsoma, a fito da shi, a naɗa a jikin kwalba, a tsoma a ruwan sanyi ya daskare a haka.

Nura
Tunda an ambaci asiton, na ji ana turara ABS da shi ya yi ƙyalli kamar an zuba masa gilashi. In an ɗan ɗumama a obin ba zai fi sauri ba?

Malam Sabi'u
Nura, rufa mana asiri. Asiton a 56 yake tafasa, tururinsa kuma tartsatsi ɗaya yake jira. Ba ya kusantar obin, ba ya kusantar bindiga, ba ya kusantar ƙarfen soda. Masu yi a sanyi suke yi cikin kwalba, a wuri mai iska. Kuma a kan PLA ba ya ba da wannan ƙyallin, don haka bai shafi kwandon Zulai ba.

Hajiya Rabi
Kun yi ta maganar digiri, babu wanda ya yi maganar hannu. Narkakkiyar roba ba kamar ruwan zafi ba ce da zai zuba ya wuce, mannewa take yi tana ci gaba da ci. In ta taɓa mutum a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti ashirin. Kar a fizge ta, da fata za ta taho. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba mai. In wurin da faɗi, ko a fuska ne ko a gaɓa, sai asibiti. Safar hannu kuma ta silikon ko ta fata, ban da ta leda ko nailan. Yara su yi nisa, masu tsuntsaye a keji su fitar da su daga ɗakin, hayaƙi yana saurin kama su.

Zulai
Na dawo da rahoto. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na wanke obin kamar yadda Yaya Maman Ihsan ta ce, kuma na samu aron ƙarami na lantarki da ba a amfani da shi, har da ma'auni. Injiniya gaskiyarka, na sa shi a 90 ya kai 115 kafin ya sauko.

Na zana 'yan ragogi shida ƙanana na gwaji, na bi su da bindiga. Biyun farko sun lotsa, na uku ya yi ƙuraje, daga na huɗu na fara gane sheƙin da Auwal yake faɗa. Abin daƙiƙa ɗaya ne wallahi, kamar ƙiftawar ido.

Faifan kuma ban jefar ba. Na kife kwanon gilashi mai jure zafi a tire, na rufa masa takardar gashi, na ɗora faifan a kai, ma'auni yana kan 95. Ina tsaye ina kallo gefunan suka fara sauka a hankali. Da na ga sun rusuna na fito da shi, na sa safar silikon na danna shi ya bi jikin kwanon. Yanzu ina da ɗan kwano shuɗi da fari mai sheƙi, kayan kwalliyar ma suna ciki. Sai dai gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma takardar ta bar masa sawun naɗi a ciki, ga wasu 'yan ƙuraje ƙanana a gindinsa tun daga narkewar farko.

Maman Ihsan
Ma sha Allah, turo hoto mu gani! Sawun naɗin, ki tsattsaga gefen takardar kamar ganyen fure kafin ki rufa, za ta kwanta ba ta tattare ba. Ƙurajen kuwa danshi ne, zaren yana shan laima daga iska. In kina jin biro yana 'yar ƙara tas-tas lokacin zane, shi ne. Ki busar da zaren a 45 na awa huɗu zuwa shida kafin babban aiki, kar ya kusanci 60, in ba haka ba ya manne da juna a naɗe.

Auwal
Dogon gefen ki tsoma shi kaɗai a ruwan zafi, ki datse da almakashi tun yana da laushi, sannan ki bi bakin da ƙarfen Injiniya.

Zulai
To zan gwada gobe in sha Allah. Na riga na fara sabon kwandon, wannan karon a jikin kwalba nake zana shi, kuma ba zan zare ta ba sai na gama da bindiga. Tambaya ta ƙarshe: zaren yana zamewa a jikin gilashin, ya ƙi kamawa. Me zan yi?

Injiniya Bala
Naɗe kwalbar da tef ɗin takarda irin na masu fenti, zai kama. Ki tabbata dai ɓangaren kwalbar da ke cikin kwandon bai fi bakin kwandon faɗi ba ta inda za ki zare, kuma ba ta da ƙugu a tsakiya.

Zulai
Tana da ƙugu. Bari in je in canja kwalba.